Fentin ruwa da bangon da ya ƙi karɓarsa

Ɗanjuma, jiya a wurin aikin nan na Barnawa ka ce min: "Maigida, me ya sa fentin ruwa ya kwanta lafiya lau a falo, amma a bangon kicin sai taruwa yake ɗigo-ɗigo? Ko in barbaɗa masa omo kamar yadda wasu ke yi?" Lokacin ina saman tsani, to saurara yanzu.

Ka taɓa lura da ruwan sama a kan ganyen gwaza? Ba ya bazuwa, sai ya dunƙule yana gangarawa. Halin ruwa ke nan, yana ƙanƙame kansa. A ma'aunin masana ƙarfin riƙon nan ya kai 72, na tinar da muke sirka fentin mai kuwa bai kai 30 ba. Shi ya sa fentin mai ke malala da kansa, fentin ruwa kuwa sai an lallashe shi.

Mai lallashin shi ne sinadarin jiƙawa, kuma tun daga masana'anta ake zuba shi. Dangin sabulu ne: kan ƙwayarsa ɗaya na son ruwa, ɗayan na son maiƙo. Tun a injin haɗi yake fara aiki, ya jiƙa garin launi, musamman farin garin titaniyam, kada ya yi gudaji kamar kunun da aka dama da gaggawa. A bango kuma ya sassauta ruwan ya shiga ƙananan ramukan filasta. Ɗan kaɗan ake sawa, da awo.

Amma ƙarfinsa na da iyaka. Bangon kicin ɗin nan tsohon fentin mai ne a jikinsa, ga hayaƙin soye-soye na shekaru ya kwanta a kai. Shafa yatsa ka ji santsi. Fentin ba shi da laifi.

Maganar omo kuwa, na riga ka gwadawa. Ina yaro kamarka na zuba shi a bokiti, na shafe katangar wani gida a Unguwar Rimi. Rola ta tayar da kumfa, kumfar ta fashe ta bar ramuka kamar an tsattsaga da allura. Ruwa na bushewa ya tafi, sabulun ya zauna a cikin fentin yana janyo laima. Da ruwan Agusta ya sauko, katangar ta yi zirin-zirin kamar hawaye, tana danƙo. Da kuɗin aljihuna na sake ta, maigidana bai ce min uffan ba, kallo kawai ya yi min.

Gobe in Allah ya kai mu, omon nan bango za ka wanke da shi. Ka ɗauraye sosai har sau biyu, ka bari ya bushe, ka bi shi da samfefa har ƙyallin ya mutu, ka share ƙurar da tsumma mai ɗanshi, sannan mu sa fentin ƙasa, wato wanda ake fara shafawa kafin na sama. Kuma ka rage hannu wajen ƙara ruwa a bokiti, na ga abin da ka yi shekaranjiya.