Amsa ga mai tambaya a kan ɗaga ƙarfe da ciwon ƙaba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce tun da ka fara ɗaga ƙarfe wani ƙullutu yake fito maka a matsematsi idan ka yi tari ko ka yunƙura, ya kuma koma idan ka kwanta, kana tambaya ko ƙarfen ne ya jawo, kuma ko bel, wato faffaɗar ɗamarar da masu ɗaga ƙarfe ke ɗaurawa a ciki, zai tsare ka. Na daɗe a wannan motsa jiki, an kuma taɓa yi mini aikin ƙaba, to ga abin da na sani.

Yadda ka kwatanta abin ya yi kama da ƙaba, amma likita ne zai tabbatar, domin akwai kumburin ruwa a maraina da ƙaluluwa da ake ɗauka ƙaba ce alhali ba ita ba ce. Ƙaba tana samuwa ne idan bangon ciki yana da wani wuri mai rauni, hanji ko kitse ya turo ta nan. Sau da yawa raunin yana nan tun haihuwa, musamman ga maza, saboda hanyar da maraina suka bi suka sauka kafin a haifi yaro. Shi ya sa kusan kashi 27 cikin 100 na maza suke gamuwa da ƙabar matsematsi a rayuwarsu, mata kuwa kusan kashi 3. Nauyi, musamman idan mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi da shi, yana matsa cikin ne har ɓoyayyen raunin ya fito fili. Tari mai daɗewa, taurin bayan gida, shan taba da tsohon wurin tiyata duk suna da nasu hannun.

Batun bel kuwa, kada ka dogara da shi. Aikinsa shi ne ya ba tsokar ciki abin tokarewa domin baya ya tsaya daram, wanda hakan ƙara matsin ciki yake yi, kuma ko kusa bai rufe matsematsi ba. Na ga waɗanda suka ɗaure shi tamau suka ci gaba da ƙara nauyin ƙarfen da suke ɗagawa, ƙullutun yana girma suna cewa ai ba ya ciwo.

Ƙabar babban mutum ba ta rufewa da kanta, kuma babu motsa jiki ko maganin sha da ke ɗinke ta, sai tiyata, inda galibi ake shimfiɗa raga a wurin. Ni bayan aikina tafiya na fara yi, sannan ƙaramin nauyi, ban koma babba ba sai da likita ya amince, wanda ga yawancin mutane yakan kai mako 4 zuwa 6.

Ka ajiye manyan nauyi har a duba ka. Idan kuwa ƙullutun ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ko amai, ko bayan gida da tusa suka tsaya, ka tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, domin hanjin da ya shaƙe yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.