Wata bakwai a Yamai, barci ya ƙaurace mini, an ce in sha tramol

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan Katsina ne, shekarata 28. Wata bakwai ke nan da maigidana ya turo ni Yamai in riƙe masa shagon kayan babura. Ina haya ni kaɗai a Bukoki, daga shago sai ɗaki. Ba na jin Zabarmanci, Faransancin ma iyakata lissafin kuɗi. Wata biyu ke nan barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya yi mini daɗi, wani lokaci ina zaune sai hawaye. Wani maƙwabcin shago ya ce gajiya ce, ya ba ni tramol in riƙa sha da safe, da wata ƴar ƙwaya ta barci da dare. Sati biyu ina sha, na ji dama-dama. Mahaifiyata kuma ta ce asiri aka yi mini. In ci gaba da sha ne? Kuma ta ina baƙo ke samun mutane a garin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. Tambayarka ta farko ita ce mai gaggawa, don haka da ita zan fara, kuma a kanta zan daɗe.

Abin da ka lissafa, rashin barci, fitar ɗanɗanon abinci, kuka ba dalili, duka sun wuce mako biyu suna tare da kai kusan kullum, ya yi kama da ciwon damuwa. Kewar gida takan zo ta tafi, tana sauƙi ranar da ka ji muryar Hajiya ko ka ci tuwon da ka saba. Wadda ta zauna wata biyu ta hana ido rufuwa ta wuce kewa. Duk da haka sai an duba ka ido da ido, domin zazzaɓin cizon sauro da bai gama fita ba, ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar maƙoƙo duk suna iya kawo kasala da rashin barci irin wannan. Hajiya ta ci gaba da addu'a, kai ma ka riƙe azkar ɗinka, amma kada a aika wa wani boka kuɗi da sunan karya asiri.

Maganar "gajiya ce, sha tramol" kuwa ita ce ƙaryar da ta fi kowace kawo mana samari asibiti, kuma ana faɗinta da kyakkyawar niyya, abin da ya sa take kama mutum ke nan. Tramol ba maganin gajiya ba ne, ba kuma maganin damuwa ba ne. Maganin raɗaɗin ciwo mai tsanani ne, dangin mofin, wanda ake rubuta wa wanda ya karye ko aka yi wa tiyata, na ƴan kwanaki. Na farmasi yawanci miligiram 50 ne ƙwaya ɗaya, kuma ko a gadon asibiti ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tebur da kan keke, a cikin rana da ƙura, za ka ga an rubuta 120, 200 ko 225, kuma babu mai iya rantse maka cewa abin da ke jikin takardar shi ne a ciki. Biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyakar da likita zai yarda da ita.

Sauƙin da ka ji gaskiya ne, ba zan ce maka ƙarya ka ji ba. Ban da kashe raɗaɗi, tramol yana ɗaga wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu alaƙa da walwala, shi ya sa ƙirjinka ya saki, ka iya dariya da mai sayen kaya. Amma jiki yana sabawa da sauri. Ɗayar da ta ishe ka a makon farko ba za ta ishe ka bayan wata guda ba. Ranar da ba ka samu ba sai gumi, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, zawo, da wani baƙin ciki da ya ninka wanda ka fara da shi. Sai mutum ya ce ciwon ne ya dawo, ya koma tebur, alhali ƙishirwar ƙwayar ce. Idan adadin ya yi sama yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yinta ba. Saurayi ya faɗi tsakiyar kasuwa yana kumfa, ko a kan babur tsakiyar titi, sai a ce iskoki ne suka buge shi, a kai shi wurin turare maimakon asibiti.

Ƴar ƙwayar daren nan kuma, a mafi yawan lokuta diyazefam ce ko ƴar'uwarta. Haɗa ta da tramol shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, domin kowannensu yana rage numfashi, idan suka haɗu kuma mutum na iya kwanciya bai farka ba. Kai kaɗai kake kwana, ƙofa a kulle, ba mai jin minsharinka ya canja. Likitoci ma ba sa barin mutum a kan diyazefam fiye da mako biyu zuwa huɗu. Abin takaici shi ne sau da yawa mai teburin da ke sayar da ita bai san sunanta ba, da launi yake gane ta.

Ga abin yi. Gobe da safe ka je ƙaramin asibitin unguwa, wanda ake kira CSI, ko wani asibitin da ke da lokotoro, wato cikakken likita. Kafin ka je kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da kake sha, kada kuma ka yi gangancin yanke su duka a dare ɗaya da kanka, domin yanke ta barcin farat ɗaya shi ma yana kawo jijjiga. Likita zai tsara maka ragewa mataki-mataki. Ka faɗi gaskiyar adadin, ba wanda zai kira maka ƴan sanda. Dalilin ya wuce kunya: magungunan damuwa na gaske, irin amitiriftilin da fuluwokzetin, ba sa jituwa da tramol, haɗa su na iya kawo zazzaɓi, rawar jiki da ruɗewa. Su kuma ba sa aiki dare ɗaya, sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Idan aka tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, wanda mutanen gari ke kira Pavillon E, ka je. Sunan na tsorata mutane, amma da yawa ana ganinsu ne su koma gida a ranar.

Sai batun mutane. Ka cire wa ranka cewa harshe ne ya tare ka. Daga Katako zuwa Wadata zuwa Babbar Kasuwa, da Hausa ake ciniki, Bukoki kanta cike take da mutanen Tawa, Ƙonni, Dogonduci da Maraɗi. Zabarmancin da kake bukata a farko bai kai kalma goma ba: "fofo" sannu ce kuma godiya ce, "mate ni go" yaya kake, amsarta "baani samay". Dattijon da baƙo ya gaishe shi da harshensa ba ya mantawa.

Sabo maimaici ne ke kawo shi. Zaɓi masallaci ɗaya kusa da ɗakinka, ka riƙa Magariba da Isha a nan, kusan wuri ɗaya a sahu, kada ka tashi da an sallame. Ka je ka gaida liman da mai unguwa, ka faɗi sunanka, garinku da sana'arka. Aka yi sanarwar suna ko ɗaurin aure, ka halarta ko ba ka san mai shi ba. Aka yi rasuwa, ka bi gawa, ka zauna zaman makoki ko na rabin awa. Zumunci a ƙafa yake, kuma a unguwa ba abin da ke sa a san fuskar baƙo kamar ta'aziyya.

Fada ita ce ƙofa ta biyu. Kusan kowane lungu na Yamai akwai samari a kan benci da butar shayi a kan gawayi. Ka yi sallama kwana biyu uku kana wucewa, za a ce bismillah. Ka zauna, ka fi saurare, a rana ta uku ka zo da ƙullin sukari da ganyen shayi. Amma ka duba kafin ka zauna da gindinka: fadar da ake tashi salla, ake karo-karo in wani ya kwanta ciwo, ita ce taka. Wadda ka ga ana ɓare ƙwaya ana jefawa a buta, ka gaisa ka wuce. Kuma tunda barcinka a lalace yake, ka bar kofin farko mai ɗaci in dare ya yi, ƙarfinsa kan yi awanni a jiki.

Ka daina cin abinci kai kaɗai a bayan kanta, ka haɗa kwano da maƙwabtan shago ko da rana ce kawai. Hirar WhatsApp da gida ka ba ta lokaci ɗaya, bayan Isha, ka ajiye wayar kafin sha ɗaya. Da sassafe kafin rana ta yi zafi ka taka minti 30, kwana biyar a mako. A kewayen filin wasa na Seyni Kountché za ka tarar da masu motsa jiki, fuskoki ɗaya kullum. Ka yi rajista a ofishin jakadancin Nijeriya, takardunka su zama cikakku, domin tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 bai kamata baƙo ya yi sakaci da takarda ba, kuma fargabar shingen bincike kaɗai na tsare mutum a ɗaki. Kada ka shiga adashe ko ka ba da bashi daga kuɗin maigida don a so ka.

Idan kuwa ka taɓa jin cewa mutuwa ta fi maka, ko ka ga kanka kana tara ƙwayoyin nan, kada ka jira gobe. Buga wa maƙwabci ƙofa a daren, ya raka ka sashen gaggawa. In za ka je asibiti, ka sa ragowar ƙwayoyin da fankon takardunsu a aljihu, likita na bukatar ganin lambar da ke jiki.