Tambaya da Amsa: Shin yaro ya makara idan bai fara Ingilishi ba sai a kwaleji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƴa mai shekara 7 a makarantar firamare ta gwamnati a nan Damagaram. Maƙwabcina ya mayar da ƴaƴansa wata makaranta mai zaman kanta da ke koyar da Ingilishi tun daga ajin ƙanana, kuma ya ce mini masana sun tabbatar da cewa idan yaro ya haura shekara goma, sabon harshe ba ya zama a kansa. Ni ɗan kasuwa ne mai sarin kaya a Kano, na san amfanin Ingilishi, amma kuɗin makarantar ya yi mini nauyi. Shin idan na jira har ta shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, na cuce ta? Daga wani mai karatu, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ka cuce ta ba. Maganar maƙwabcinka tana da tushe, sai dai an ɗora mata kayan da ba nata ba. A 1967 masanin harshe Eric Lenneberg ya yaɗa ra'ayin cewa akwai wani zango na ƙuruciya, kafin balaga, da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe, kuma an ga alamar haka ga ƴaƴan baƙin da suka ƙaura zuwa Amurka da Kanada, waɗanda ke tashi da lafazi irin na ƴan ƙasa. To amma waɗannan yara suna jin harshen ne daga safe har dare, a aji da wurin wasa da kasuwa. Yaron da ake yi wa darasi na awa biyu a mako, a shekarar karatu mai mako talatin, awa 60 kawai ya samu, abin da ɗan waɗancan baƙin ke samu cikin ƴan kwanaki.

Binciken da ya fi dacewa da halinmu shi ne wanda Carmen Muñoz da abokan aikinta suka yi a Basalona ta ƙasar Sifaniya, aka wallafa a 2006, domin can ma a aji ake koyon Ingilishi, ba a titi ba. Sun kwatanta yaran da suka fara a shekara 8 da waɗanda suka fara a shekara 11, suka gwada su bayan awa 200, da 416, da 726 na darasi. Waɗanda suka fara da girma ne suka yi gaba, musamman a nahawu da rubutu, ko da yake tazarar ba ta da yawa a fahimtar magana da kunne. Dalilin a fili yake: babban yaro ya riga ya iya karatu, ya san yadda ake riƙe ƙa'ida, yana kuma iya kwatanta sabon harshe da wanda ya sani. Ƴarka idan ta kai kwaleji za ta tarar da kalmomin Ingilishi masu yawan gaske da suka yi kama da na Faransanci, ga kuma irin su tebur da bokiti da mota waɗanda Hausa ta daɗe da arowa.

Abin da ya fi damuna a shekarunta shi ne karatu da rubutu. A Jami'ar Ife ta Najeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishi kuwa darasi ne guda a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, tun da a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Yarinyar da har yanzu take kokawa da baƙaƙen Faransanci, idan aka ƙara mata harshe na uku a hannun malamin da shi kansa bai sake da shi ba, abin da za ta kwaso bai wuce waƙoƙi da gaisuwa ba. Ina ganin iyaye da yawa wannan gaisuwar ce ke burge su ranar bikin ƙarshen shekara.

Gaskiya ne Ingilishi ya ƙara daraja a Nijar, domin kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Saboda haka ka yi mata tanadi, amma ba lallai ta hanyar canza makaranta ba. Duk lokacin da ka je Kano ka sayo mata ƙananan littattafan labarai masu hotuna, ka kuma saka mata labaran yara na Ingilishi a waya tana saurare, tun da kunne da lafazi su ne inda ƙuruciya ta fi amfani. Idan kuwa ranka ya kwanta da waccan makarantar, ka je da kanka ka tambayi awa nawa ake yin Ingilishi a mako, da yara nawa ne a aji, sannan ka nemi izinin zama a darasi ɗaya ka ji ko yaran suna buɗe baki su yi magana, ko kuwa maimaita abin da ke allo kawai suke yi.