Amsa ga ƙanena kan jarrabawar Kobayashi Maru

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. To ƙanena, na saurari muryar da ka turo jiya da dare. Ka ce kun kalli fim ɗin nan na Star Trek a ɗakinku nan Gusau, gardama ta ɓarke: in kai ne bisa kujerar kyaftin a jarrabawar Kobayashi Maru, mi za ka yi? Kuma ka ce kai dai bayan Kirk, jarumin fim ɗin, kake, tunda shi kaɗai ya ci. Ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ga waɗanda ba su gani ba, abin ya fara fitowa ne a fim na biyu, The Wrath of Khan, na 1982. Ana horar da ɗaliban tuƙin jirgin sararin samaniya cikin wani ɗaki da anka shirya kamar jirgin gaske, kwamfuta ce ke tafiyar da komai. Sai kira ya shigo: wani jirgin dakon mai, Kobayashi Maru, ya taka nakiya, injinsa ya mutu, da ma'aikata 81 da fasinjoji 300 a ciki. Matsalar ita ce inda ya maƙale yanki ne da anka yi yarjejeniya da Klingon, abokan gāba daga wata duniya, cewa ba mai shiga. Ka shiga, ka karya yarjejeniya, jiragen yaƙi 3 su fito su yi maka rugu-rugu. Ka ƙi shiga, mutum 381 su mutu kana ji kana gani. An gina abin ne yadda duk ta inda ka ɓullo ba ka tsira. A fim ɗin, wata ɗaliba mai suna Saavik ta shiga, anka gama da jirginta, ta fito tana ƙorafin ba a yi mata adalci ba.

Shi kuwa gwaninka Kirk, sau 3 ya zauna jarrabawar. A na ukun ya lallaɓa ya canza tsarin kwamfutar yadda za a iya ceton jirgin, har anka yaba mashi da fasaha. A fim ɗin 2009 kuwa, gaban kwamitin ladabtarwa anka kai shi kan wannan aikin dai. Ni ina tare da kwamitin. Ƙanena, wannan ba cin jarrabawa ba ne, sauya takardar tambaya ce. Kuma fim ɗin 1982 da kanshi bai bar shi ya sha ba. A ƙarshe, da jirginsu ya shiga halin da ba mafita na gaske, babu kwamfutar da zai taɓa. Amininsa Spock ne ya shiga ɗakin injin da ke cike da guba mai ƙona jiki, ya gyara, ya rasa ranshi. Bayan nan Kirk ya amsa da bakinshi cewa shi bai taɓa fuskantar mutuwa ba, zille mata kawai yake yi. Ku da kunka kalla, kun tsaya kan tuffar da yake ci a fim ɗin 2009, kun manta da wanga wuri.

Abin da malaman ke kallo shi ne kai, ba jirgin ba. Muryarka ta canza? Ka ba da umarni ko ka daskare? Ka tuna da mutanen da ke ƙarƙashinka?

Mu nan Zamfara ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Direba ne ya taso daga Funtua zuwa Gusau da magariba, motarshi cike da fasinja, sai ya hango mota a gefen daji, wani na ɗaga hannu, kamar akwai mai rauni kwance. Ya tsaya, wataƙila tarko ne, ya jefa mutum 18 cikin masifa. Ya wuce, wataƙila bayin Allah ne da gaske. Ƙafarshi na tsakanin birki da totur, fasinja na baya na ihun "wuce, wuce," wata tsohuwa na cewa "ku ji tsoron Allah ku tsaya." Direban kirki ba shi da amsar da za ta wanke shi sarai, amma za ka ga ya rage gudu ya duba, ya yanke shawara da wuri, in ya wuce ya faɗa wa jami'an tsaro a shinge na gaba. Allah shi kawo mana ƙarshen abin ga.

To in ni ne a kujerar, ga yadda zan yi. Zan fara aika saƙo hedikwata, su san inda nake da abin da na ji. In sa a tantance kiran, don abin da ya fi kama da tarko ke nan: jirgin farar hula mi ya kai shi wurin da anka hana shiga? In yi ƙoƙarin magana da Klingon tun kafin in taka iyaka, in ce aikin ceto ne, ku zo ku gani ko ku ceto su da kanku. Na san kwamfutar ba za ta amsa ba, amma a rubuce yake cewa na nema. In na shiga, da garkuwar jirgi a kunne zan shiga, da hanyar ja da baya a shirye, kuma da zarar na ga jirgi ya tashi aiki, in ba da umarnin kowa ya fice tun ana iya fita. Wanda kuma ya ce ba zai shiga ba sam, ban ganin laifinshi. A wani littafin Star Trek na 1989, abin da Sulu, matuƙin jirgin Kirk, ya yi ke nan, ya ƙi tsallaka iyakar, don tada yaƙi zai ci rayuka fiye da 381.

Kada ka ɗauka fim ne kawai. Kafin kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata a Yulin 1969, masu horar da ma'aikatan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, sun jefa masu wata ƙararrawar kwamfuta a atisayensu na sauka. Ma'aikatan sunka ruɗe, sunka soke saukar, anka ce masu kun yi kuskure, ba ta kai a soke ba. Sun ji kunya, amma sunka zauna anka rubuta jerin irin waɗannan ƙararrawa da abin yi kan kowace. Ranar saukar gaske, ƙararrawa masu lamba 1202 da 1201 sunka tashi, wannan karon sunka ce a ci gaba, kwamandan kumbon, Armstrong, ya sauka. Da a ce wani ya lallaɓa ya goge matsalar daga atisayen don su fito da maki mai kyau, da ranar nan sun juyo da jirgin.

Ka kunna wa abokan ɗakin naku su ji, wanda ke da ja ya turo murya. Ka gaida Inna in ka je gida, ka ce mata ina nan tafe ƙarshen mako in Allah ya yarda.