Wata huɗu yana tari, an ce hoton ƙirjinsa lafiya lau: me muka rasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar aikin jinya ce, amma wannan ta fi ƙarfina. Ƙanena ne, shekararsa 23, ba ya shan taba. Yau wata huɗu ke nan yana tari. Da farko busasshe ne, yanzu yana fitar da kaki, har sau biyu mun ga ɗigon jini. Yana haki in ya hau bene, da dare gumi yana jiƙa masa riga, wandunansa duk sun yi masa yawa. An yi hoton ƙirji a watan farko aka ce lafiya lau, an duba kakinsa sau ɗaya aka ce babu komai. Ya sha amoksisilin, ya sha azitromaisin. Daga baya wani mai shagon magani ya haɗa masa lebofloksasin da firednisolon na kwana 10, ya warware sarai har ya koma buga ƙwallo. Bayan mako uku abin ya dawo. Yanzu mutanen gida sun ce a sake sayo wannan da ya karɓe shi. Ni kuwa ba na iya barci, zuciyata tana raya mini kansa ce. Don Allah me muka rasa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba shi lafiya. Kafin komai, ki hana a sake sayo maganin nan, ko da za a ji haushinki a gida.

Ba zan iya sa wa ciwon mutumin da ban taɓa ɗora wa abin sauraren ƙirji ba suna. Amma saurayi mai tarin wata huɗu, da gumin dare, da rama, da jini a kaki, ni a wurina mai tarin fuka ne, wato tibi, har sai gwaji mai kyau ya wanke shi. Gwaje-gwajen da aka yi masa kuwa ba su wanke shi ba. Hoton da aka ɗauka a watan farko labarin watan farko yake bayarwa, kuma ƙaramin tabo a saman huhu yakan ɓuya a bayan ƙashin wuya da haƙarƙari. Shi kuma duba kaki a madubin ɗakin gwaji, hanya ce da ta faro tun zamanin da Robert Koch ya gano ƙwayar a Jamus a 1882, kuma sai ƙwayoyin sun kai wajen 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita kafin a gan su. Kaki ɗaya, wanda wataƙila ma miyau ne aka tofa a kwalba, bai isa a sallami kowa ba.

Kansar huhu a ɗan shekara 23 da ba ya shan taba abu ne mai wuyar samuwa ƙwarai. Ki ɗan sauke wannan nauyin. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne kalmar nan ta mutanen gida: “ya karɓe shi”.

Babu ranar da ba na jin ta. An sha magani an ji sauƙi, shi ke nan, an gano ciwo, an gano maganinsa. Wallahi ba haka ba ne, kuma na ga huhun da wannan tunani ya cinye. Ki duba abin da aka ba shi. Amoksisilin ba ya yi wa ƙwayar tibi komai, shi ya sa bai ji sauƙi ba. Lebofloksasin kuwa yana kashe ta, kuma sosai. Shi da ɗan uwansa moksifloksasin suna cikin manyan magungunan da ake ajiyewa domin tibi mai bijire wa magani. Haɗin watanni shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022 domin irin wannan tibi, moksifloksasin na ciki. To idan aka ba mai tibi shi kaɗai na kwana 10, zazzaɓi zai sauka, tari zai lafa, ƙwayoyin da ke cikin kaki za su ragu har gwaji ya iya kuskure su. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Tibi wata shida ake yi ana shan maganinsa, wata biyun farko da magunguna huɗu a haɗe, kuma ba don ado aka haɗa su ba: a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke kogon huhu, akwai 'yan kaɗan da magani guda ba ya kashewa. In ka ba da guda ɗaya, ka share musu fili ne su hayayyafa. Duk zagayen da aka sake yi da lebofloksasin, ana ƙona maganin da wata rana zai iya zama shi ne abin da ya rage wa yaron nan.

Sai firednisolon, maganin rage kumburi da ke kwantar da garkuwar jiki. Wannan shi ne ya fi ba ni takaici, don shi babu ciwon ƙirjin da ba ya yi wa kwalliya. Yana sauke zazzaɓi, ya buɗe cin abinci, ya sa mutum ya ji ƙarfi. Mai asma zai ji sauƙi. Mai sakoyidosis, wani ciwon kumburi da ke yawan kama huhu da ƙaluluwa, zai ji sauƙi. Mai kansar ƙaluluwa, wato limfoma, zai ji sauƙi, ƙaluluwar ta saɓe, har in an zo ɗibar nama don gwaji a rasa abin da za a karanta. Mai tibi ma zai ji sauƙi, alhali garkuwar jikinsa aka kwantar, ciwon na ci ta ƙasa kamar wutar ƙaiƙayi. Kin ga ke nan sauƙin da ƙanenki ya samu bai faɗa mana komai ba game da abin da ke damunsa, domin haɗin da aka ba shi yana iya rufe bakin kusan duk cututtukan da muke zargi. Wanda ya haɗa masa bai auna shi ba, ba zai bi sawunsa ba, kuma ranar da ya fara aman jini ba ya nan. Ba kuma masu shago kaɗai nake zargi ba. Mu ma akwai a cikinmu mai rubuta antibayotik karo na uku ga tari ɗaya don layi ya ragu, bai ko tambayi abin da aka sha a baya ba. Ƙa'idar ba ta da wuya: tarin da ya wuce mako biyu, musamman da zazzaɓi ko rama, kaki ake fara kaiwa gwaji kafin a taɓa rukunin su lebofloksasin.

Ga abin da za ku nema. A sake hoton ƙirji yanzu, ku tafi da ainihin tsohon hoton, ba takardar bayaninsa kawai ba, a jera su. A yi gwajin kaki na GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2010. Injin yana gamawa cikin kamar awa biyu, kuma yana nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tibi huɗun nan. Ke ce za ki tsaya a kan ingancin kakin: ya kuskure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi, ya kakaro daga can ƙasan ƙirji, a fili mai iska. Ki rubuta wa likita sunan duk maganin da ya sha da kwanakinsa, ki ja layi a ƙarƙashin lebofloksasin, ki roƙa a shuka kakin a ɗakin gwaji, wato a raini ƙwayoyin da ke cikinsa har su yi yawa a gan su, ko da sakamakon zai ɗauki makonni, a kuma duba ko ƙwayar na jin wannan rukuni. A haɗa da gwajin HIV da na sukari da ƙidayar jini. Wannan ba zargi ba ne, duk wanda ake tuhumar tibi a jikinsa ana yi masa. Idan aka ce ku dawo wani mako sakamako bai fito ba, ku karɓi lambar samfurin, ku koma a ranar. Takardu suna ɓata, kuma babu wanda zai neme ku.

Idan duk wannan ya fito babu komai, ba a gama ba. Sai hoton CT na ƙirji, wanda ya fi hoton ƙirji na yau da kullum fito da abu dalla-dalla, yana nuna buɗewar bututun iska da ke tara kaki, da kumburarrun ƙaluluwa a tsakiyar ƙirji. Limfoma irin ta Hodgkin ta fi son masu shekarunsa, tana kuma zuwa da gumin dare da rama, don haka ki shafa wuyansa da hammatarsa tun yau. A saurari zuciyarsa da kyau, domin ƙuntacewar ƙofar zuciya sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta tana sa matashi haki da tarin jini, kuma hoton zuciya da ake kira eko ne ke kama ta. Asma da ƙwannafi da majinar da ke gangarowa ta bayan hanci su ne suka fi jawo doguwar tari ga mai tsabtataccen hoto, gwajin hura iska zai raba gardamar asma, sai dai ba sa ramar da mutum, ba sa jiƙa riga da gumi. Ki kuma keɓe shi, ba a gaban iyaye ba, ki tambaye shi shisha da sigarin lantarki. Yawancin samari ba sa lissafa su cikin taba. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, sama da mutum 2,800 aka kwantar saboda raunin huhu daga sigarin lantarki, yawancinsu matasa. Ki tambayi ƙurar wurin aikinsa, da ko yana kiwon tsuntsaye, da ko ya taɓa zama ɗaki ɗaya da mai doguwar tari.

Kafin sakamako ya fito, ya riƙa kwana a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, ya rufe baki in zai yi tari, ya nisanci jarirai. Idan tibi ne, duk mutanen gida za a duba, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma shi ciwo ne da ake warkewa sarai in an sha magani har ƙarshe. Amma idan jinin ya wuce ɗigo ya zama guda-guda, ko yana haki yana zaune, ko kin sa masa abin auna iskar jini a yatsa kin ga ƙasa da kashi 92 cikin ɗari, kada ku jira ranar ganin likita. Ku wuce sashen gaggawa a daren, da takardar magungunan nan a hannunki.