Waya a Kan Babur: Amsa Ga Sabon Mahayi

Tambaya: Ban daɗe da koyon babur ba, kuma ina so in ɗaura wayata a kan babur ɗin don bin taswira. Akwai illa?

Amsa: Akwai, kuma babbar illar daga idonka za ta fara. Babur inda ido ya kalla yake nufa. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, don haka in ka sunkuyar da kai kan allo na daƙiƙa biyu, ka shafe mita 28 ba ka ga hanya ba. Hannun damanka na kan totur da birkin gaba, na hagu na kan kuloci, to da wane za ka taɓa waya? Sa wurin da za ka a Google Maps tun babur na tsaye, ka kunna muryar jagora, ka sauke taswirar yankin saboda inda babu sabis. In kana son gyara wani abu, ratse gefe ka tsaya cak tukuna. Wannan ɗabi'a tun a makon farko ya kamata ka kafa ta, domin abin da hannu ya saba da shi yanzu da wuya ya bari.

Sai ita wayar. Kyamarar wayoyi da yawa tana da ƙaramin gilashi mai lilo wanda ke hana hoto rawa, kuma jijjigar inji na gajiyar da shi. A 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone kada su ɗaura ta a kan babur mai babban inji, ya kuma ce ko a ƙaramin babur a yi amfani da mariƙi mai robar shanye jijjiga. Alamar lalacewa ita ce hoto ya riƙa karkarwa ko ya ƙi fitowa tar. Zafin rana ma matsala ne, iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35.

Tambaya: Zan iya cajin waya da batirin babur?

Amsa: Za ka iya, amma kada ka jona kai tsaye. Batirin babur volt 12 ne, caja ta USB kuwa volt 5 take bayarwa, sai an sa na'urar rage wuta a tsakani. A saka fis na amfiya 2 ko 3 a layin wuta. A jona a layin da sai an murɗa makulli yake kawo wuta, in ba haka ba na'urar za ta yi ta tsotsar batir kana barci, ka wayi gari babur ya ƙi tashi. Bayan an gama, juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka tabbata igiyar ba ta ɗaurewa, mariƙin kuma bai tokare hannun birki ba.