Ƙaramin injin zarto mai araha a Legas

Malam, ka tambayi inda za ka samu ƙaramin injin zarton nan mai yanka zane a katako, mai sauƙin kuɗi, tunda aikin sha'awa ne. Shawarata ka leƙa Alaba ko kasuwar Trade Fair, ka nemi na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, mai tazarar inci 16 daga ruwan zarto zuwa bayan injin, ya ishe ka.

Amma don Allah kada ka biya sai an kunna shi a gabanka. Ɗora tafinka kan teburinsa. In yana karkarwa sosai, bar musu kayansu, zai yi ta tsinka maka ruwan zarto. Duba wutarsa kuma: na Amurka 120V ne, tamu 230V, sai da taransifoma.

Ka zaɓi mai karɓar ruwan zarto marar fil (ɗan ƙarfen da ke gicciye a ƙarshensa), shi ke shiga ɗan huji in za ka fafe tsakiyar harafi.